Yadda ake saita gwajin kwaikwayo kafin a matse bayanan tarihin masana'anta

"Assalamu alaikum. Ni ke kula da SCADA, wato tsarin kwamfuta mai sa ido kan injina, a wata masana'antar matsar man waken suya. Muna da tag, wato wuraren awo da kowanne ke da sunansa a manhaja, kusan 3,000, kusan dukkansu ana ɗaukar ma'auninsu kowace daƙiƙa. Faifan sabarmu ya kusa cika, kuma in aka ce a buɗe tirend, wato zanen hawa da saukar ma'auni, na wata guda sai an yi ta jira. Manaja ya ce in kunna matse bayanai, in kuma rage tsofaffin da ke ajiye. Ni kuwa tsorona kada in zubar da abin da za a zo nema gobe. An ba ni shawara in fara yin gwajin kwaikwayo, amma ban san yadda zan saita shi ba, ban kuma san me zan duba in ce ya yi ba. Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam, Injiniya. Tsoron nan naka a kan hanya yake. In na fahimce ka, abubuwa biyu kake tambaya: yadda za ka gwada saitin matsewa a wurin da ba zai taɓa bayanan gaske ba, da kuma ma'aunin da za ka yanke hukunci da shi. Na biyun ya fi nauyi. Mutane da yawa kan duba yawan wurin da suka tsira da shi a faifai, su ga an rage kashi 95 cikin 100, su ce aiki ya yi kyau. Ni abin da nake dubawa daban ne: tambayar da za a yi wa bayanan nan ranar da boila ta tsaya da tsakar dare, shin har yanzu suna iya amsa ta?

Mu fara da lissafi. Tag 3,000 sau daƙiƙa 86,400 na yini ɗaya ya ba da ɗigo 259,200,000, kowane ɗigo ma'auni ɗaya ne tare da lokacin da aka ɗauke shi. In muka ɗauka kowane ɗigo yana cin bayit 16, takwas na lokaci takwas na ma'auni, za ka samu kimanin gigabayit 4 a yini, wajen terabayit ɗaya da rabi a shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kuma bai kai a ɗaga hankali ba. Kuɗin faifan da zai ɗauki wannan bai kai asarar yini ɗaya da injin matsa ya yi a tsaye ba tare da an gano dalili ba. Don haka ka shiga gwajin da niyyar matsewa kaɗan. Jinkirin buɗe tirend kuwa matsala ce ta daban, kuma sau da yawa ana maganinta ba tare da an goge komai ba. Zan dawo kanta.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Akwai matsewar da ba ta zubar da komai, wadda ke sauya yadda ake rubuta lambobi kawai. Misalinta da ya yi suna shi ne Gorilla, wanda injiniyoyin Facebook suka bayyana a 2015: maimakon a rubuta cikakken lokaci da cikakken ma'auni, sai a rubuta bambancin da ke tsakanin ɗigo da na bayansa, har suka sauko daga bayit 16 zuwa kimanin 1.37 a kowane ɗigo. In manhajarka tana da irin wannan, kunna ta kawai, ba ta buƙatar dogon gwaji.

Na biyu shi ne matsewar da ke zaɓen ɗigon da za a ajiye tun lokacin da yake shigowa. Nan ne ake zubar da bayani, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Na uku shi ne rage tsofaffin bayanai bayan sun kwana biyu, a mayar da na daƙiƙa zuwa na minti, na minti zuwa na awa. Gwajinka a kan waɗannan biyun zai tsaya, kuma kowanne a gwada shi shi kaɗai kafin a haɗa su.

Matsewar shigowa ita ma hawa biyu ce a yawancin manhajoji. Hawa na farko zango ne na kau da kai: in sabon ma'auni bai nisanci wanda aka aika na ƙarshe da wani adadi ba, ba a ma aika shi. A PI System, manhajar ajiye tarihin bayanan masana'anta da OSIsoft suka ƙirƙira kuma ta koma hannun AVEVA a 2021, saitin nan shi ne ExcDev. Hawa na biyu yana cikin rumbun tarihin kansa, kuma dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda ake kira swinging door, wadda Edgar Bristol na kamfanin Foxboro ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1987. A PI saitinta CompDev ne. Proficy Historian shi ma hawa biyu yake da su, ɗaya a wurin mai tattaro bayanai, ɗaya a rumbu. Sunaye sun bambanta, amma tunanin kusan ɗaya ne.

Ka ɗauki magini da ya miƙa igiya daga bulon da ya kafa zuwa wanda yake son ɗorawa yanzu. Duk bulon da ke tsakani, in bai kauce wa igiyar da fiye da faɗin yatsa ba, ba sai an sake auna shi ba, igiyar ta wakilce shi. Haka dabarar take aiki. Tana ja layi miƙaƙƙe daga ɗigon da aka ajiye na ƙarshe zuwa sabon da ya shigo. Muddin duk na tsakani suna kusa da layin gwargwadon tazarar da ka saita, sai a watsar da su. Da zarar wani ya fita, sai a ajiye ɗigon da ya gabaci sabon, a fara sabon layi daga gare shi. Shi ya sa ta fi zangon kau da kai iya riƙe ma'aunin da ke hawa a hankali, kamar tankin mai da ke cika: ɗigo biyu sun isa su ba da labarin awa guda.

Kafa wurin gwajin

Kada ka yi gwaji a sabar da ke aiki. Samu wata kwamfuta, ko ka buɗe kwamfutar kwaikwayo a cikin wata, ka ɗora sigar manhajar da kuke amfani da ita daidai, ba wadda ta fi ta sabunta ba.

Sai ka nemo ɗanyen bayani. Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin abin da ke cikin rumbunka yanzu mai yiwuwa an riga an tace shi ba ka sani ba. Bi hanyar siginar tun daga tushe: tacewar da ke cikin tiransmita (na'urar da ke awo tana aiko da sigina), ta katin shigarwa na PLC (kwamfutar da ke sarrafa injina), zangon kau da kai na sabar OPC (mai miƙa bayanan PLC ga sauran manhajoji), sannan na mai tattarowa. In ɗaya daga cikinsu a kunne yake, kana gwada matsewa ne a kan abin da aka riga aka matse, kuma sakamakon zai fito da kyau fiye da gaskiya. Sa duka a sifili a kan tag ɗin da ka zaɓa, ka ɗauki bayanin mako biyu ko fiye.

Ba sai ka gwada duka 3,000 ba. Kasa su gida-gida bisa halinsu: zafi mai tafiya a hankali, ƙarfin tururi, gudun ruwa ko mai a bututu wanda siginarsa ke yawan rawa, cikar tanki, wutar da moto ke ja, mitoci masu tara jimilla, da masu nuna kunne ko kashe. Daga kowane gida ɗauki kaɗan, ka tabbata akwai mai natsuwa akwai kuma fitinanne. Kuma makonnin da za ka ɗauka su ƙunshi ranakun wahala: tayar da masana'anta bayan hutu, tsayawar gaggawa, ɗaukewar wuta da komawa kan janareto. Bayanin ranar da komai ke tafiya lafiya kowane saiti zai ci jarrabawarsa.

Bayan na gaske, ƙara siginar da ka ƙera da kanka, domin ita ce ka san amsarta tun kafin ka fara. Manhajoji da yawa suna zuwa da abin yin haka. Direban Simulator na KEPServerEX yana da RAMP da SINE da RANDOM, PI kuma yana da tag ɗin gwaji mai suna sinusoid. Amma ni na fi son ɗan rubutun Python, domin waɗancan sun cika tsabta. Abin da nake ƙerawa shi ne: layi kwance da aka ɗora masa rawa daidai girman ta na'urar gaske, tsalle ɗaya daga wannan mataki zuwa wancan, cilli sama na daƙiƙa biyu ya dawo, zamewa a hankali wadda ba ta kai tazarar ba sai bayan awanni, lilo ƙarami mai maimaituwa irin na bawul da ke maƙalewa, mita mai tarawa da ta kai 65,535 ta koma sifili, kamar yadda rajista mai bit 16 ke yi, da kuma yankewar sadarwa na minti biyar a tsakiyar hawa.

Wajen zuba bayanan akwai tarko biyu. In za ka gudu da su da sauri, mako biyu cikin minti goma, tabbatar manhajar tana amfani da lokacin da ke jikin kowane ɗigo, ba agogon kwamfutar ba, in ba haka ba duk saitin da ya dogara da lokaci zai ba ka ƙarya. Na biyu, zuba su a jere daga tsoho zuwa sabo a cikin sabon tag. A PI, ɗigon da ya zo da lokacin da ya girmi na ƙarshe ba ya bi ta matsewa, kai tsaye yake shiga rumbu, sai ka ga kamar saitinka bai yi komai ba. Duba kuma yankin agogo. Mu a Najeriya da Nijar awa ɗaya muke gaban UTC duk shekara, amma sabar da aka kawo da saitin Turai tana sauya awa sau biyu a shekara, kuma taƙaitawar awa-awa kan rikice a waɗannan ranaku.

Nemo tazarar da ta dace

Tazarar ba daga kai ake ƙirƙiro ta ba, daga na'urar ake samo ta. Nemi lokacin da ka san aikin a tsaye yake cak, ka auna girman rawar siginar a wannan lokacin. Wannan shi ne ma'auninka. Sai ka maimaita gwajin sau da yawa: tazara kwata na rawar, rabinta, daidai da ita, ninki biyu, ninki huɗu. Za ka ga ƙasa da girman rawar kusan ba a rage komai, domin rumbun yana ta ajiye rawa. Da ka ɗan haura ta sai yawan ɗigon ya faɗo sosai. Daga nan kuma ƙarin tazara ba ya ƙara maka wurin kirki, sai dai ya riƙa cin ainihin labarin. Wurin da lanƙwasar take, nan za ka tsaya. Shawarar da masu PI suka daɗe suna bayarwa ita ce ExcDev ya zama wajen rabin CompDev, kuma ka tuna kuskuren hawa biyun haɗuwa yake yi.

Ka yi hattara da tazarar da ake saitawa da kaso cikin ɗari. A ƙa'idar sadarwa ta OPC UA kason ana lissafa shi ne daga cikakken zangon na'urar, ba daga ma'aunin da take nunawa ba. Tiransmita mai auna digiri 0 zuwa 400, in ka sa mata kashi 1, ka ce ke nan kada ta yi magana sai zafi ya motsa da digiri 4. In aikinka yana zaune a 180 kuma digiri 2 sama ko ƙasa shi ke sauya ingancin ƙuli ko mai, to ka rufe wa kanka ido da hannunka. Wannan ne kuskuren da na fi tararwa in aka kira ni duba rumbun da "ba ya nuna komai": an sa kaso ɗaya ga kowane tag tun ranar kafawa, ba wanda ya sake waiwaya.

Yanzu ga yadda za ka yi hukunci. Bayan kowane zagaye, nemi rumbun ya ba ka ma'auni a kowace daƙiƙa, ta hanyar da tirend da rahoto ke nema, ka jera shi gefe da gefe da ɗanyen. Duba kuskure mafi girma, kada ka tsaya a matsakaicin kuskure, kuma kada ka ɗauka ba zai wuce tazarar da ka saita ba, domin a wasu sigogin dabarar yakan wuce. Duba ko ƙololuwar cillin nan ta tsira. Duba daƙiƙar da ma'auni ya ƙetare iyakar ƙararrawa a ɗanye da kuma a matsattse, ka ga ko sun yi daidai. Duba jimillar yini ta tururi da ta mai. Lilon nan ƙarami kuma, in ya koma layi miƙaƙƙe, to ka rasa alamar farko ta bawul mai lalacewa. Nina Thornhill da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2004 a mujallar Journal of Process Control da ya nuna matsewa tana ɓata nazarce-nazarce da dama da ake yi da bayanan masana'anta, suka kuma yi gargaɗin a yi taka-tsantsan da irin waɗannan rumbuna. Saboda haka duk tag ɗin da ke cikin madaukin PID, wato tsarin da ke daidaita ma'auni da kansa, da kuke son gyara saitinsa wata rana, a bar shi kusan ɗanye.

Akwai wani abu da ke ɓata rahoto ba a lura ba. Bayan matsewa, ɗigon ba su da tazarar lokaci ɗaya, don haka tara su a raba da yawansu ba ya ba da matsakaici na gaskiya. Ga misali: zafi ya zauna a 80 na minti 50, aka ajiye ɗigo 2. Sai ya hau wajen 120 yana rawa na minti 10, aka ajiye ɗigo 40. In ka tara ka raba za ka samu kusan 118. Gaskiyar awar kuwa kusan 87 ce. Dole rahoton ya yi lissafi da tsawon lokacin da kowane ma'auni ya ɗauka. Ka gwada wannan a kan takardar Excel ɗin da sashen samarwa ke amfani da ita, domin can ne kuskuren ya fi ɓuya.

Shiru iri biyu ne

Layi kwance a tirend yana iya nufin aiki ya natsu, yana kuma iya nufin na'ura ta mutu ko waya ta tsinke. Matsewa ba ta bambance su sai ka koya mata. Don haka ake saita iyakar lokacin da ba za a wuce ba sai an ajiye ɗigo ko da babu canji. A PI sunansa CompMax, kuma da awa 8 yake zuwa. Ga tag mai muhimmanci ni nakan sauko da shi sosai, zuwa 'yan mintoci, tun da ɗigon da hakan ke ƙarawa ba su da yawa.

Nan ne gwajin yankewar sadarwa zai yi maka amfani, kuma a wurinmu ba abin wasa ba ne. Wuta ta ɗauke, kafin janareto ya karɓa wani suwic na sadarwa da ba ya kan UPS ya mutu ya tashi. In rumbun bai ajiye alamar cewa ma'aunin ba ingantacce ba ne, zai ja layi mai kyau daga kafin ɗaukewar zuwa bayanta, mai dubawa ya rantse komai lafiya ya tafi. Abin da kake so ka gani giɓi ne a fili. Haka nan siginar wuta ta miliyamfa (mA) 4 zuwa 20 da tiransmita ke aikowa: bisa ƙa'idar NAMUR NE 43, abin da ya sauka zuwa 3.6 ko ya haura zuwa 21 alamar lalura ce, kuma ya kamata ya shiga rumbu a matsayin lalura. Tag na kunne da kashe, da saitin da ofareta ke shigarwa da hannu, a ajiye su a duk canji, a kuma zana su hawa-hawa kamar matakala, kada a haɗa su da layi mai gangara. Famfo ba ya yin rabin kunnuwa. Mitoci masu tara jimilla kuwa, musamman waɗanda ake biyan kuɗi ko lissafin kaya da su, tazararsu ta zama ƙanƙanuwa ƙwarai ko babu.

Rage tsofaffi

Hanya mafi muni ita ce a ce a ɗauki ɗigo ɗaya a kowane minti biyar a zubar da saura. Kwamfaresa da ke tashi tana sauka duk minti biyar za ta fito layi kwance, ko ta fito da wani lilo mai tsawo da bai taɓa faruwa ba. Matsakaici shi kaɗai ma bai isa ba. Moto da aka tayar kai tsaye yana jan wuta ninki shida zuwa takwas na ƙa'idarsa na ɗan lokaci, amma a matsakaicin minti guda wannan ya narke. Ga kowane minti ko awa, ajiye mafi ƙanƙanta, mafi girma, matsakaicin da aka auna da lokaci, da kason lokacin da bayanin ya kasance ingantacce. A gwajin ka tabbatar na awa ana gina shi daidai daga na minti, mafi girma daga mafi girma, matsakaici kuma da nauyin kowane minti.

Wannan taƙaitawar ita ce maganin jinkirin tirend ɗinka. Allon da faɗinsa bai wuce ɗigo 2,000 ba ba shi da abin da zai yi da ɗigo miliyan biyu da rabi na wata guda. A bar tirend mai tsawo ya karanta daga taƙaitaccen, in an zuƙo kusa ya koma cikakken. Cikakken kuma a kwashe tsohonsa zuwa faifai mai araha maimakon a goge.

Gwajin yana da iyaka, kuma gara ka faɗa wa manaja tun yanzu. Abin da ka zuba masa kaɗai ya sani. Bayanin da aka ɗauka a sanyin Disamba ba zai nuna halin ruwan sanyaya a zafin Afrilu ba, na'ura kuma in ta tsufa ko aka canza ta, rawarta ma canzawa take yi. Abin da ke faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa, kamar jerin abin da ya fara faɗuwa lokacin tsayawar gaggawa ko girgizar bearing ɗin da sandar inji ke juyawa a kansa, ɗaukar daƙiƙa-daƙiƙa ba ta kama shi tun asali, wannan aikin rajistar ƙararrawa ne da na'urorinsa na musamman. Tsawon lokacin da za a riƙe bayanan da suka shafi ingancin abinci kuwa ba gwaji ke yanke shi ba, sai ka zauna da sashen kula da inganci su faɗa maka abin da masu duba ku da masu sayen kayanku ke nema, a rubuce.

In ka samu saitin da ya gamsar da kai, kada ka watsa shi a kan duka tag a rana ɗaya. Fara da gida ɗaya, ka bar tagwayen tag marasa matsewa suna gudana tare da su na wata guda, ka kira ofaretan da ya fi daɗewa a ɗakin kula ka nuna masa tirend biyun ba tare da ka gaya masa wanne ne wanne ba. In ya nuna maka wani abu da yake gani a ɗaya babu a ɗayan, rage tazarar wannan gidan ka sake. Kafin a fara rage tsofaffin kuma, a kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa wani faifai, a gwada buɗe kwafin a kwamfutar gwajin a ga yana karantuwa, sannan a taɓa na asali.